Duwatsu Bakwai a Gonar Altine Mai-jirgi

Mun tashi da asuba daga Kano, mu uku, a cikin wata farar Fijo da na aro wurin maigidana. Ni ne a gaba, abokina yana tuƙi, ƙanena kuma ya baje a baya da baƙin tabarau, duk da ko rana ba ta fito ba. Bazara ce, watanni kaɗan bayan sojoji sun kifar da gwamnatin farar hula, lokacin da mutum zai kwana a layi don sabulu ko gwangwanin madara ya dawo hannu wofi. Duk wanda na gaya wa za mu ƙasar Sakkwato, har garin Shagari, mahaifar shugaban da aka hamɓarar, sai ya dube ni ya ce, "A wannan lokacin?"

Ga abin da ya fitar da mu. Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, mutuniyar Sifawa ce, aure ya kawo ta Kano. Tana da wa guda ɗaya, Garba, ana ce masa Cindo saboda yatsu shida ne a hannunsa. Tun tana yarinya ya bi masu kora shanu zuwa Ikko, a zamanin babban yaƙin Turawa, bai sake dawowa ba. Ba a ce ya mutu ba, ba a ce yana raye ba. Har yau in aka yi sallama da baƙuwar murya a ƙofar gida, Inna takan daina abin da take yi ta saurara.

Kwanan baya wani mai albasa daga Danchadi, wanda ke sauke kaya a unguwarmu, ya ji tana Sakkwatanci, hira ta yi tsawo. Ya gaya mata cewa a wani ƙauye bayan Mandera akwai tsoho da ya jera duwatsu a gonarsa, yana cewa kaburburan abokansa ne da suka mutu a yaƙin teku, kuma cikin sunayen da yake kira akwai Garba Cindo. Ni dai ban yarda ba. Ina teku, ina Mandera? Na ɗauka mutumin ya ga tsohuwa mai taushin zuciya ne yana neman wurin sauka kyauta. Amma Inna ta daina cin abinci sosai, shi ya sa na aro mota.

Hanya ba ta da daɗi. Daga Funtuwa zuwa Gusau, kowane shinge sai an buɗe bayan mota an zazzage jakunkunanmu, ana neman kayan masarufi da aka ɓoye. Wani soja ya daɗe yana jujjuya sabulun wanka guda biyu da Inna ta ba mu tsaraba, kamar zai tambaye su takardar shaida. Mai kuwa ba a gidan mai muka same shi ba, sai a bayan wani shago a Talatar Mafara, cikin galan, a farashin da abokina ya ce kada in rubuta don kada matarsa ta gani. Gonaki a bushe, shanu sai ƙashi, bara damina ba ta yi ba. Muka isa Sakkwato bayan la'asar, muka kwana gidan wani ɗan'uwan abokina.

Da safe muka kama hanyar Bodinga. A tasha muka tsaya shan shayi. Shayin baƙi ne, babu madara, sukarin ma sai da mai shayi ya waiga hagu da dama kafin ya ciro shi daga ƙarƙashin tebur. Mutane na ta hira a kan benci, muna zama aka yi tsit. Na tambayi mai shayi ko ya san wani tsoho mai duwatsu a gona wajen Mandera. Ya dubi motarmu, ya dubi tabarau na ƙanena, ya ce, "Ni baƙo na nan garin." Wanda ke kusa da ni ya kira shi da sunansa, ya tambaye shi jikin mahaifiyarsa da ke bayan masallaci. Mai shayin bai ko ji kunya ba.

A Sifawa mun nemi gidan su Inna. Kango ne yanzu, an shuka kuka a tsakiya har ta girma. Dattawan da muka samu a gindin bango sun tuna kakana, suka yi masa addu'a, amma da na ambaci Garba sai ɗaya ya ce wanda ya tafi tun zamanin Turawa, me ya sa sai yanzu ake biɗarsa? Na ce uwata ce ta aiko ni. Suka ce madalla, suka ci gaba da jan carbi.

Muka ratse zuwa Danchadi neman mai albasar, don ya yi mana jagora. Fadamar garin ita ce kore na farko da muka gani tun da muka baro gida: albasa a shimfiɗe ana shanya ta, warinta har cikin mota. An nuna mana gidansa ba tare da gardama ba. Muka yi sallama, wata murya daga ciki ta ce ya yi tafiya. Kekensa na jingine a zaure, takalmansa na bakin tabarma, ga ƙwaryar fura an sha rabi ko ƙuda bai sauka a kai ba. Na ɗaga murya na faɗi sunan unguwarmu ta Kano, na ce ni ɗan tsohuwar nan ne. Shiru. A nan na ce wa abokan tafiyata, kun gani, maƙaryaci ne, ya ga mun zo ya ɓuya. Abokina ya ce, "Ko kuma ya leƙo ya ga farar Fijo da mai baƙin gilashi." Sai a lokacin na dube mu da idon mutanen wurin. Motar irin ta gwamnati ce sak, ƙanena ya yi askin ƙwal, ni kuma Kananci nake yi ina tambayar mutane. Na ce ya cire tabarau. Ya ce idonsa ba ya son rana. Na ce to ya zaɓa, ko idonsa ko abincin rana.

Garin Shagari ya yi sanyi ƙwarai. Ga kwalta, ga turakun lantarki, ga gidajen da aka fara ginawa aka tsaya a rabi, amma kasuwa ba armashi, kuma kowa maganarsa ƙasa-ƙasa. An ce tun da aka yi juyin mulki baƙi ba su daina zuwa da tambayoyi ba, kuma ba kowane wanda aka tafi da shi ya dawo da wuri ba. Mun ci hoce da miyar sure, wato yakuwa, wurin wata mata a bakin hanya, mai tsami da yaji, irin wanda Inna ke yi in ta tuna gida. Ban tambaye ta komai ba, na koyi darasi. Da na yaba miyar da kalmomin da Inna ke faɗa, ta ɗan saki fuska ta ƙara mana. Hanyar Mandera kuwa wani mai faci muka tambaya, ya nuna mana da baki.

Daga Mandera mota ba ta iya ci gaba, yashi ya yi yawa. Muka bar ta gindin wata tsamiya muka taka. Na yanke shawarar ba zan sake tambayar mutanen hanya ba, sai mu tafi kai-tsaye wurin maigari, in za a kore mu a kore mu da hujja. Muka same shi a zaure, dattijo siriri mai farin gemu. Muka tuɓe takalma, muka durƙusa.

"Ranka ya daɗe, baƙi ne daga Kano."

"Mun gani," in ji shi. "Tun kuna Mandera anka hwaɗa muna. Mi kuka biɗa kuma? Ba ku tone kun gani ba?"

Ban gane ba, sai da ya yi bayani. Makon da ya wuce wasu mutane sun zo da kaki da shebur. Wani ya kai rahoto cewa wani ɗan siyasa ya binne buhunan shinkafa da akwatunan kuɗi a gonar tsoho Altine, mutumin da muke nema, an ɗora duwatsu don shaida. Suka ture duwatsun, suka haƙa ramuka, ba su sami komai ba sai yashi, suka tafi ba ko ban-haƙuri. Tun ranar tsohon bai fito masallaci ba. Kuma ba a san wanda ya kai rahoton ba, saboda haka kowa a ƙauyen yana kallon maƙwabcinsa.

Na rantse masa ba mu da alaƙa da su. Ya ce waɗancan ma sun rantse. Duk da haka ya tashi ya ɗauki sandarsa, ya ce gara ya raka mu da kansa, don abin da za a yi a yi shi a gabansa.

Altine, wanda suke kira Mai-jirgi, yana zaune a ƙofar bukkarsa a bakin gonar. Gajere ne, ƙirjinsa faffaɗa, bayan hannuwansa duk tabon ƙuna. Bai amsa gaisuwarmu da kyau ba. Na ce ni ɗan ƙanwar Garba Cindo ne. Na yi niyyar kada in ƙara ko kalma, don in ga abin da ya sani da kansa. Ashe shi ma niyyarsa ke nan. Muka zauna muna kallon juna, kowa ya riƙe nasa.

Can ya ce, "Sunan nan kowa na jin ina kiran shi. Ba shaida ba ta. Ƙannenai mata biyu na. Wacce ta haihe ka?"

"Ƙaramar, Baba."

"Mi as sunanta?"

Jama'a, tun da nake ban taɓa kiran sunan Inna da bakina ba. Na buɗe baki, sunan ya ƙi fita. Na dubi ƙanena, ya sunkuyar da kai. Abokina kuwa bai ma san sunan ba. Tsohon ya juya wurin maigari ya ce, "Ka gani? Bai sani ba." Na ce, "Baba, sunan da ake ba macen da aka haifa ranar Lahadi."

Maigari ya yi dariya har da buga sanda a ƙasa. Ya ce, "Altine, ɗan sandan ciki da an ba shi suna, da tuni ya hwaɗe shi sau uku. Wanga, kunyar uwa tai mai yawa."

Tsohon bai yi dariya ba. Ya dube ni ya ce, "Ladi. Wadda ka tsoron raƙumi."

Har yau in Inna ta hango raƙumi a bakin kasuwa, tsallaka titi take yi, muna yi mata dariya. Na yi ta lissafi a raina ko ta gaya wa mai albasa wannan, shi kuma ya kawo. Ban ga dalilin da zai sa hirar albasa ta kai ga raƙumi ba.

Ya sa aka kawo mana ruwa, ya fara ba da labari, idonsa a kan gonar. Tare suka kora shanu zuwa Ikko shi da Garba. Kuɗin komowa ya ƙare, suka ji ana ɗaukar masu ƙarfi aikin zuba kwal a wani ƙaramin jirgin yaƙi da ke raka jiragen kaya. Su takwas ne baƙaƙe a ɗakin wuta, can ƙasan jirgi: su biyu Hausawa, da wani Banufe, sauran mutanen bakin teku, wasu Musulmi wasu Kirista. Ya ce zafin wurin ya sa bazarar Sakkwato ta zama masa hutu. Garba ne mai ba su dariya, yana ba su labarin ƙanwarsa da ta faɗa rijiyar fadama saboda gudun raƙumi.

Ranar da abin ya faru, jiragen abokan gaba na ƙarƙashin ruwa suka far wa ayarin. Su a ƙasa ba sa ganin komai, sai ƙarar igwa da umarnin a ƙara wuta. Shebur ya yanke Altine a ƙafa, shugabansu ya tura shi sama a ɗaure masa. Garba ya karɓi sheburinsa ya ce ya yi sauri ya dawo, ba zai yi aikin mutum biyu a banza ba. Bai gama hawa matakala ba aka bugi jirgin a tsakiya. Ya farka a cikin ruwa, mai yana ci da wuta a saman ruwan, shi ne tabon hannuwan.

Na tambaye shi, "Baba, ka ga gawarsa?"

"Ban gani ba," in ji shi. "Ba ni yi maka ƙarya. Na bar shi ƙasa, ƙohwa guda ta, kuma jirgin bai daɗe ba yan nutse. Cikinsu ba wanda yah hito. Abin da nis sani ke nan."

Da maƙaryaci ne, na san da ya ce a hannunsa Garba ya cika, har da kalmar shahada da saƙo zuwa gida. Wannan "ban gani ba" ita ta fi komai kama ni.

Wani jirgi ya tsince shi da sauran waɗanda suka tsira, ya kai su wani gari na bakin teku a ƙasar Saliyo. Da ya warke, ya ga maƙabartar da aka yi wa sojojin ruwa a kan tudu: fararen duwatsu a jere kamar sahun salla, ciyawa kore ana ba ta ruwa, kowane dutse da suna, har da waɗanda teku ba ta mayar da gawarsu ba. Ya roƙi wani mai karatun boko ya bi da shi layi-layi yana karanta masa. Ba su ji sunan ko ɗaya daga cikin mutanen ɗakin wuta ba. Ya ce watakila an rubuta su a wani wuri, shi dai bai gani ba. Da ya dawo gida ya gaji gonar ubansa, sai ya ɗauko duwatsu bakwai daga tudu a kan jaki, ya jera su a kusurwar gabas, yana shafa musu farar ƙasa duk shekara kafin damina. Limamin ƙauyen na wancan lokaci ya ce masa wannan ba al'adar Musulmi ba ce. Ya ce shi ba ya roƙon dutse komai, yana so ne kada ya manta sunan wani in yana addu'a. Aka ƙyale shi, ana ce masa mai taɓin hankali a ɓoye.

Na ce me ya hana shi zuwa Sifawa ya gaya wa dangi? Ya ce ya je har ƙofar gidan. Ya ji ana daka, ya ji muryar tsohuwa tana waƙa, ya tuna sheburinsa ne a hannun Garba. Ya juya. Da ya sake samun ƙarfin zuciya bayan shekaru, iyayen sun rasu, 'yan matan an kai su aure nesa. Wannan amsar ba ta gamsar da ni ba, kuma na ga shi ma ba ta gamsar da shi ba.

Muka shiga gonar. Ramuka bakwai a buɗe, duwatsun a warwatse, farar ƙasar ta kankare. Ƙarfinsa bai kai ya mayar da su ba, mutanen ƙauye kuma suna tsoron a gan su a wurin. Ba wanda ya ce mu yi, abokina ya tuɓe riga ya karɓi fartanya. Muka cike ramukan, muka mirgino duwatsun, tsohon yana nuna wurin kowanne yana kiran mai shi. Biyar ya gane su da siffarsu. Biyu na ƙarshe kuwa kusan girmansu ɗaya, ya shafa wannan ya shafa wancan, ya zauna a ƙasa.

"Sun rikice min," ya ce. "Ɗaya na Garba na, ɗaya na wani yaro Kirista da muka kira Jon. Da wurinsu nika gane su."

Wani tunani ya zo mini cewa ga shi, an zo kan namu sai abu ya rikice. Amma na dubi fuskarsa, na kore tunanin. Maigari ya ce a ajiye su kusa da juna yadda suka samu, Allah ya san kowa. Haka muka yi. Ni na tsaya tsakanin biyun na yi wa kawuna addu'a. Kafin mu gama, mutum uku daga ƙauyen sun zo sun tsaya a bakin gona, ba su shigo ba, amma sun ɗaga hannu tare da mu. Na ba tsohon sabulan Inna. Ya karɓi ɗaya, ya ce in ba maigari ɗayan a gaban mutane, kada gobe a ce an ga baƙi sun kawo masa kaya.

Komowa ba ta da labari, sai shingaye da zafi da tayar da ta fashe kusa da Tsafe. Duk hanya ina shirya yadda zan gaya wa Inna, ina tunanin ko in ƙara abin da zai sanyaya mata rai. Da muka isa na same ta a tsakar gida tana tsince shinkafa. Na faɗa mata yadda aka faɗa mini, ban ƙara ba ban rage ba, har da cewa ba a ga gawa ba, har da duwatsun da suka rikice. Ta saurara har ƙarshe ba ta katse ni ba. Sannan ta ajiye faifan ta ce a shimfiɗa tabarmi a zaure, a gaya wa liman da maƙwabta an yi mata rasuwa.

Kwana uku ana zuwa gaisuwa. Mata suna tambaya, "Inna, yaushe ya rasu? Jinya ya yi?" Ita kuma tana amsawa, "Ya daɗe. Labarin ne bai iso ba sai yanzu." A rana ta uku ta ci tuwo ta cinye, ta nemi ƙari.

Abin da na koyo a wannan tafiya shi ne, a lokacin tsoro kowa yana da dalilin zargin kowa, kuma yawancinmu muna da gaskiya a dalilan namu. Na zargi mai albasa, ya zarge ni, tsoho ya zarge mu duka, kuma ba wanda ya yi wa wani ƙarya a kan abin da ya kai mu. Da na tsaya sai na tabbata kafin in tashi, da har yanzu Inna tana sauraren sallama a ƙofar gida. Kawuna yana ƙarƙashin tekun da ban taɓa gani ba, dutsensa kuma ɗaya ne cikin biyu a wata gona bayan Mandera. Allah ya jiƙansa, ya ba tsoho Altine ladan riƙon amana.